Hannuna na dama ya mutu, na koma ɗinka wa masu sana'a rigar aiki

Assalamu alaikum. An daɗe ana ce min in rubuta labarin nan ina nonnoƙewa, ba dan komai ba sai dan ni bana son tono abin da ya wuce, amma kwanaki wata baiwar Allah ta turo min saƙo tace ita ma hannunta ya samu matsala ta ajiye sana'arta, yanzu bata da aiki sai kuka, shi ne nace toh bari dai in daure in rubuta ko Allah zai sa wani ya amfana. Ba zan kama sunan kowa ba.

Ni a hannun gwaggona na tashi, ƙanwar babanmu, kuma tela ce ta gaske. Burinta in gaje ta, ni kuma duk duniya babu abin da na tsana irin keken ɗinki, ƙararsa, da zaren nan da yake cukurkuɗewa ta ƙasa, da kuma farke ɗinki da reza in ya karkace a sake tun daga farko. Zane nake so. Allin da take shata yadi dashi nake ɗaukewa in je bayan ƙofa ina zana fuskokin mutane, in ta kama ni tace "ke 'yar nan Allah ya baki hannu amma kin kai shi inda babu riba". Duk da haka dole ta koya min kalmasa, da yadda ake zare zare guda ɗaya daga yadi dan a gane miƙaƙƙen layinsa kafin a sa almakashi, da wanke yadi kafin a yanka. Ina yi ina ƙunƙuni, da na samu hanya kuwa na gudu na yi karatun zane, ban ƙara waiwayar keke ba.

Fentin mai nake aiki dashi, yawanci hotunan mutane, kuma manya nake so, irin wanda sai ka miƙe tsaye ka ɗaga hannu sama kana ja da baya kana dawowa. Ban yi arziki ba amma ina rufa wa kaina asiri, ana kirana baje koli, ana bani aiki. Kanbas shi ne yadin da ake zane a kai, kuma masu zanen fentin mai sun san cewa na lilin ya fi na auduga, zarensa dogo ne mai ƙarfi, in ka ɗaure shi a jikin katako baya saurin saki, shi yasa yake da tsada ba kowa ke iya saya ba. Na daɗe ina tara kuɗi har na sayi nadi guda na ɗanyen lilin, wanda ba a shafa masa komai ba, launinsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa, niyyata in yi manyan zanuka dashi in yi baje koli nawa ni kaɗai. Na jingine shi a kusurwar ɗakin aiki, ko ledarsa ban gama cirewa ba.

Sai hatsarin mota ya same mu. Ban san me ya faru ba, farkawa kawai nayi na ganni a gadon asibiti. Ƙashin wuyana bai karye ba Alhamdulillah, amma hannuna na dama yana nan a jikina ina kallonsa, ina ce masa ya motsa yaƙi. Likita ya zauna ya min bayani, yace akwai tarin jijiyoyi da suke fitowa daga wuya su bi ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa su sauka har yatsu, sune suke kai wa hannu umarni, nawa sun ja da ƙarfi wasu sun lalace. Yace jijiya tana tohowa amma a hankali, kamar milimita 1 a rana. Da daddare na sa aka miƙo min tef na auna daga wuyana zuwa kan yatsa, ya haura santimita 70, na buga lissafi naga ana maganar kusan shekara 2 kenan, shima in komai ya tafi daidai. A daren ne na fara kuka na gaske.

Wanda bai taɓa rasa hannu ba bazai gane ba wlh. Ba zanen ba ma tukuna, saka kaya, ɗaure gashi, buɗe murfin kwalba, sa hannu a takarda, komai sai ka kira wani. Ga wani irin zafi da jijiyar take yi, hannun baya jin taɓawa amma ta ciki wuta yake ci, musamman cikin dare. Ina cikin zuwa gashin hannun a asibiti sai korona ta shigo a 2020 aka rufe ko'ina, wurin gashin ma aka rage karɓar mutane, aka koma nuna min motsa jiki ta waya, mijina ne yake kama hannun yana ɗagawa yana saukewa safe da yamma dan kar gaɓoɓin su sandare. Masu gaisuwa kuma kowa da tasa, wani yace in gode Allah ba ƙafa bace, wata tace ai dama zane ba sana'ar da mutum zai dogara da ita bace. Nasan ba da mugunta suke faɗa ba amma kowace kalma sai ta kwana a raina.

Abin da na fi jin kunyar faɗa shi ne hassada. Ina buɗe Instagram inga abokan karatuna suna ɗora sabon aiki, mutanen da nake ƙauna har zuciya, sai inji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Na daina amsa kiransu. Na koma mai saurin fushi, 'yata ƙarama ta zo da takarda tace Umma zana min kyanwa, na daka mata tsawa, yarinyar ta tsaya tana kallona bata san laifin da tayi ba. Kuɗi kuma suna ta tafiya a magani, na sayar da fentina masu kyau, na sayar da babban abin jingina kanbas, burusa ma na bayar da rabi. Nadin lilin ɗin nan ne kawai naƙi sayarwa duk da an taya, dan a ganina ranar da ya fita daga gidan toh ranar na yarda na gama.

Mai yi min gashi ce ta matsa min in gwada da hagu, tace ko ba dan zanen ba dan kaina ya samu abin yi. Na daɗe ina ce mata toh, wata safiya dai nayi ta maza na shiga ɗakin. Na ɗauko tsohuwar efron ɗina, wato rigar aiki da ake ɗorawa kan kaya, irin wadda kowa ya sani, igiya ɗaya a rataya a wuya, biyu a ɗaure ta baya. Ina rataya ta igiyar ta sauka daidai inda ciwon yake, naji zafi har cikin kaina, na daure, sai kuma aka zo ɗauri, ta yaya mai hannu ɗaya zai ƙulla igiya a bayansa? Na juya na juya, na kama da haƙori, na matse a jikin bango, taƙi. Babu kowa a gidan. Zama nayi a ƙasa da efron a wuya ina kuka kamar raina zai fita, ko burushi ban taɓa ba. Abin da ya karya ni ba zanen bane, ace wai ko shirin fara aikin ma bazan iya ni kaɗai ba.

Da aka sassauta kulle gwaggo ta zo ta zauna damu, lokacin tsufa ya fara kama ta, ido ya rage gani. Na bata labarin efron ɗin ina jiran ta lallashe ni, sai kawai tace "to wa yace dole sai an ɗaure?" Ta leƙa ɗakin aikin tace in sa a ɗauko mata yadin can na kusurwa. Nace Gwaggo wannan ba na ɗinki bane, na zane ne. Ta murza bakinsa da yatsu ta shinshina tace "yadi ne dai ko, kuma mai kyau, shekara nawa zai yi a tsaye yana jiranki?" Raina ya ɓaci sosai, na shige ɗaki, bamu ƙara maganar ba. Amma abin ya tsaya min. Na kwana ina juyi ina tambayar kaina wai me nake tsaro ne, yadin ko kuwa ƙaryar da nake yi wa kaina cewa gobe zan tashi inga hannuna ya dawo yadda yake. Ba wai na haƙura da zane bane a lokacin, a'a, gajiya nayi da ganin abin a kusurwa yana tuna min kullum. Ni da kaina na jawo shi da hagu na kai gabanta.

Bata bari an yanka ba sai da aka jiƙa shi aka wanke aka shanya, dan lilin yana shigewa a wankin farko, in ka ɗinka kafin ka wanke toh rigar zata tsuke kuma ɗinkin ya tattare. Da ɗan danshinsa aka goge, dan in ya bushe ƙayau baya jin guga. Sannan ta sa ni zare zare ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, abin da nake yi ina ƙunƙuni ina yarinya, aka bi layin aka yanke. Fasalin da muka yi babu igiya ko ɗaya, gaba ya rufe daga ƙirji zuwa ƙasan gwiwa, gefe biyu su zagayo baya su haɗu ɗaya kan ɗaya, sai maratayi masu faɗi guda biyu da suka gitta juna a gadon baya, na dama ya tafi hagu na hagu ya tafi dama. Zura kai kawai zaka yi ka fito da hannuwa, nauyin duk yana kan kafaɗu da baya, wuya babu ruwansa. Daga baya na gano irin wannan ɗinkin sananne ne, har ana danganta shi da mutanen Japan, amma gwaggo bata taɓa gani ba, jikina kawai ta kalla ta fitar dashi. Na ɓangaren dama ta ƙara masa faɗi ta ninka dan kar ya ci min kafaɗa.

Ranar da na saka ta ni kaɗai ba tare da na kira kowa ba, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Amma kar in yi muku ƙarya, zanen bai dawo ba. Hagu ta ƙi bani abin da idona yake gani, layi yana rawa, fuska tana fitowa a karkace, kuma ni na san yadda aikina yake a da, shi yasa abin ya fi ciwo. Abin da ya bani mamaki keken ne. Gwaggo ta zaunar dani tace in ƙarasa kalmasar ƙasa, sai naga ashe ƙafa ce take yin aikin ƙarfi, hagu tana jan ragamar yadin, hannun daman kuma na ɗora shi a kai ya zama abin danne yadi, karo na farko tun hatsarin da ya min wani amfani. Matsalar almakashi ce, da hagu baya ci daidai. Wata ƙawata ta kawo min wuƙar yanka mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, kana gara ta akan yadi tana yankewa, in na danne da ƙarafa masu nauyi ko fil bana buƙata. Daga baya na samu keke mai abin ɗaga ƙafar ɗinki da gwiwa, toh nan fa aiki ya miƙe.

Wadda ta fara cewa in ɗinka mata cikin ƙawayen da na daina ɗaga wayarsu ce, maginar tukwane ce da kofuna, irin masu zama gaban faifai mai juyawa. Ta zo dubiya ta ganni da efron ɗin tace tana so, amma nata akwai matsala, ita zama take ta buɗe ƙafa faifan yana tsakiya, efron ta yau da kullum tana tattarewa ta bar cinyoyi a buɗe laka ta ɓata mata kaya. Na je na zauna na kalle ta tana aiki, na dawo na tsaga gaban daga ƙugu zuwa ƙasa na yi shi falle biyu masu hawa kan juna, in ta zauna kowane falle ya bi ƙafa ɗaya ya rufe. A wurinta na fara ganin halin yadin nan da ruwa, yana shan ruwa sosai, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa kafin ma kaji danshi a hannu, kuma yana saurin bushewa, sannan in ya jiƙe ƙarfi yake ƙarawa ba raguwa ba. Laka in ta bushe a jikinsa kakkaɓewa kawai ake yi. Ta biya ni, na riƙe kuɗin ina kallo, rabona da kuɗin gumina tun kafin hatsari.

Daga nan abin ya fara yawo baki da baki. Wanda ya fi koya min aiki wani dattijo ne kafinta, mai faɗa ne amma mai gaskiya. Na ɗinka masa da babban aljihu a gaba ina jin na burge, bayan ɗan lokaci ya dawo da ita ya zazzage aljihun a gabana, garin katako ya zubo tuli. Yace "'yata, wannan aljihu kika yi min ko kwandon shara?" Nace Baba a yi haƙuri, ya kake so? Ya nuna min, bakin aljihu ya koma ta gefe a karkace yadda gari bazai faɗa ba, a ƙirji a yi siririn gida na fensir da ƙaramin ma'auni, kuma kada wani abu ya riƙa lilo dan injin da yake juyawa in ya kama igiya da mutum zai haɗa. Shi ya sa na fara maimaita ɗinki a kusurwar kowane aljihu da wurin da maratayi ya haɗu da jiki, dan nan ne yake fara yagewa. Tun daga kansa na kafa doka, bana ɗinka wa mai sana'a sai na tambaye shi a tsaye yake aiki ko a zaune, me yake yawan ɗauka yana ajiyewa, da wane hannu, kuma ina ne yake masa ciwo in ya tashi aiki. Mai zane yana son madauki a ƙugu na rataya tsumma, baduku yana son cinya ta yi kauri biyu saboda a nan yake dannawa, marini baya son aljihu ko ɗaya.

Nadin nan nawa ya ƙare, dole na shiga neman yadi, a nan na sha wuya. Wani mai sayarwa ya rantse min lilin ne zalla, na zuba kusan duk abin da na tara na saya, na ɗinka, sai ƙorafi ya fara zuwa, zafi, gumi, ruwa yana zamewa a kai, gashi-gashi yana tashi a inda ake gogawa. Ashe rabinsa roba ce aka saƙa ta da ƙulli-ƙulli dan ta yi kama da lilin. Na koma wurinsa yace shi bai san zancen ba. Na karɓo kayan duka na mayar wa mutane kuɗinsu, na dawo babu jari babu yadi, gwiwata tayi sanyi har nace na bar sana'ar. Mijina ne yace in kika bari yanzu toh shi ya ci riba sau biyu. Yanzu kam bana sayen yadi sai na zare zare na sa masa ashana. Lilin na gaske yana ci da wuta yana warin takardar da ta ƙone, ya bar toka mai laushi da zaka murje, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Wannan gwajin baya raba lilin da auduga dan dukansu tsiro ne, sai dai hannu, lilin yana da sanyi in ka taɓa, baya miƙewa in ka ja, kuma in ka damƙe ka saki sai ya riƙe karyewar raɗau.

Wannan cutar da aka min ce ta sa na zauna na karanci abin da nake ɗinkawa. Ashe daga kara ake samunsa, wani siririn tsiro ne da tsawonsa yake kai kusan mita 1, yana yin kamar kwana 100 a gona, furensa shuɗi ne kuma kowace fure bata wuce yini guda. Ba a yanke shi, tugewa ake yi har saiwa dan kar a rage tsawon zaren, sai a shimfiɗa shi a gonar na wasu makonni raɓa da ruwan sama da rana su ruɓar da abin da ya manne zaren da karan, sannan a farfasa, a kakkaɓe, a taje, kafin a kai ga kaɗi. Mafi yawan mai kyaun a arewacin Faransa ake nomawa, musamman yankin Nomandi, da Beljiyam da Holan, kuma da yawansa sai an kai Chaina a kaɗa. Abin da ya sa na yi shiru na daɗe shi ne irin wannan tsiron dai shi ake matsewa a samu man da ake kwaɓa fentin mai dashi, wato shekarun da nayi ina zane, fentin da kanbas ɗin duk daga abu ɗaya suke ban taɓa damuwa in sani ba.

Akwai wata riga da na karanta labarinta da har yau take burge ni. A 1913 aka haƙo ta a wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Tarkhan a Masar, aka haɗa ta da tsummoki aka ajiye, ba wanda ya san riga ce sai 1977 da aka zo ana warware tarin. Da aka gwada shekarunta aka ga ta haura 5,000, ita ce saƙaƙƙiyar riga mafi tsufa da aka sani, tana wani gidan tarihi a Landan, kuma ta lilin ce, har da ƙananan tattara a hannu da ƙirji. Na nuna wa gwaggo hoton a waya, ta kawo shi kusa da ido ta daɗe tana kallo, tace "wannan telan ya iya aiki".

Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo saye, ko da zai sa ya fasa. Lilin yana yamutsewa, in kai mai son kaya a miƙe ne kullum toh ba naka bane. Sabo yana da ɗan tauri, sai an sha wanki yake laushi. Fentin mai in ya bushe a jiki ya zauna kenan, kuma ni a ganina efron ɗin da babu tabo a jikinta mai ita baya aiki. Mai walda da maƙeri bana ɗinka musu, tartsatsi yana huda shi, su walkin fata ne nasu. Nauyin da nake amfani dashi daga giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, ƙasa da haka ruwa yana ratsawa da wuri, sama da haka kuma yana gajiyar da kafaɗa. Bakinsa yana saurin zarewa, shi yasa duk wani haɗi ninke shi nake in tura bakin ciki in bi da ɗinki biyu, yana cin lokaci amma ko ta ciki ka juya bazaka ga zare yana reto ba. Sannan masu fentin mai da kafintoci, dan Allah kar a cusa tsumman da ya sha man nan da ake kwaɓa fenti dashi a aljihu a rataye a tafi, man yana ɗaukar zafi da kansa yayin da yake bushewa, tsumma a dunƙule yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. A baza shi a fili ya bushe ko a tsoma a ruwa.

Ba komai bane ya zama daɗi. Akwai masu cewa kayana sun yi tsada ga na kamfani nan birjik, bana musu, na kamfani awo ɗaya ne aka yi wa kowa, ni kuma ina iya yini akan guda ɗaya. Akwai wadda ta saya ta farke ta kwafi fasalin tana sayarwa da yadin roba, da farko abin ya ƙona min rai, daga baya na tuna nima ba ni na ƙirƙiro gittawar baya ba. Wanda ya fi min ciwo wani tsohon malaminmu ne da muka haɗu yace "ashe ke ce kika koma tela", da wata irin murya ta tausayi. Na dawo gida ban iya cin komai ba. Har yanzu in na kai wa mai zane efron ɗinsa na shiga ɗakin aikinsa naji warin fenti, wani abu yana motsawa a ƙirjina, wani lokacin sai na zauna a mota na ɗan jima kafin in iya tafiya. Bana jin wannan zai taɓa barina gaba ɗaya, kuma na daina jiran ya bari.

Hannun ya dawo amma ba duka ba. Gwiwar hannu tana lanƙwasuwa, yatsu uku suna kamawa, kafaɗar ce har yau bata ɗaguwa sama da ƙirji, likita yace ƙila iyakarta kenan. Ina ɗan zane da hagu, ƙanana, a zaune, bana nuna wa kowa sai 'yata da yanzu ta fi ni iya kyanwa. Gwaggo Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ta dai ga lokacin da na ɗauki yara biyu masu koyo, kuma ta ji ni da kunnenta ina yi musu faɗan wanke yadi kafin yanka, tayi dariya har da hawaye.

Ke baiwar Allah da kika turo min saƙo, da duk mai irin wannan ciwon, kar ku bar gashi ko da kun ga kamar babu canji, dan in gaɓa ta sandare ko jijiyar ta toho bazata samu abin motsawa ba, kuma in zafin dare ya hana ku barci ku gaya wa likita, ciwon jijiya maganinsa daban ne da na sauran ciwo. Ku riƙa ɗaga wayar ƙawayenku.

Yanzu haka aikin da ke gabana na wani matashi ne mai gyaran agogo da yake zaune a keken guragu. Gittawar baya bata masa ba dan bayansa yana jingine kullum ninkin yana damunsa, kuma tsawon da na saba yi yana iya shiga taya. Shi abin da ya fi so ma wani ɗan lanƙwaso ne a kan cinya da zai tare masa ƙananan kusoshi in sun suɓuce, dan in suka faɗi ƙasa baya iya ɗaukowa. Na yi gwaji da tsohon kyalle na kai masa yace gefen hagu yana zamewa, toh zan gwada sa maɓalli a kafaɗa in rage faɗin ƙasan. In akwai tela a cikinku da ya taɓa ɗinka wa mai zama a keke irin wannan, dan Allah ya min magana.